Labarina: yadda cinikin takalma ya kai ni ga sassaƙa jiragen Chaina

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ɗan Yauri ne ta jihar Kebbi, a bakin kogin Kwara aka haife ni, kuma gidanmu gidan masassaƙan jirgi ne tun kaka da kakanni. Baba Allah ya jiƙansa kwale-kwale yake haɗawa, na masunta da na fito, ni kuma tun ina ɗan mitsitsi aikina miƙo gizago, miƙo ƙusa, riƙe nan, saki can, in ka yi kuskure ka sha ranƙwashi. Gaskiya a lokacin ban ɗauki sana'ar a bakin komai ba, gani nake wahala ce kawai da zaman rana, shi yasa ina gama sakandare na tattara na tafi Kano wajen wani Alhaji abokin kawuna mai shagon takalma a Ƙofar Wambai, na zama yaron shago.

Allah ya sa Alhaji ya yarda da ni, ana nan ana nan har ya fara tura ni Chaina sayo kaya. Kowa ya san Guangzhou ake sauka, nan ne 'yan uwanmu suke cike, to amma masana'antun takalman da yawa ba a nan suke ba, suna wani gari Jinjiang a lardin Fujian, musamman wani yanki da ake kira Chendai. A 2018 Alhaji yace in daina saye hannun dillalai in je can da kaina in tsaya a kan odarmu har a loda kwantena. Na je, aka ce kaya sai an jira, kuma duk wanda ya taɓa jiran kaya a Chaina ya san yadda abin yake, kullum gobe kullum gobe, kana zaune a otal kana cin kuɗin mutane ba aikin fari ba na baƙi.

Jinjiang ɗin nan a ƙarƙashin birnin Quanzhou take, tafiyar ba nisa. Ranar wata Juma'a na nemi masallaci aka kwatanta min masallacin Qingjing a cikin Quanzhou, ina zuwa na tarar da gini na dutse da ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a jikin bango, wai tun shekarar 1009 aka gina shi. Tsohon ɗakin sallar rufinsa ya daɗe da rushewa sai ginshiƙai a tsaye ciyawa ta fito a tsakani, a wani ɗaki daban ake sallah yanzu. A nan na fara jin cewa garin nan shi ne Larabawa suke kira Zaitun, kuma Ibn Battuta ya zo shi wajen 1345 yace tashar jiragen ruwansa tana cikin mafi girma a duniya, ya ga manyan jirage kusan 100 a tsaye, ƙanana kuwa ba su ƙirguwa. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, mutumin nan dai shi ne bayan 'yan shekaru ya ratso Sahara ya je Mali ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu, har ya ambaci Gobir a labarinsa. Kai, mutanen da sun yi yawo, mu da jirgin sama ma muna ƙorafin ciwon baya. Su ma mutanen Chendai ɗin da nake jiran takalma a hannunsu, dangin Ding, ashe jikokin musulmin da suka zo fatauci ne tun wancan zamanin, duk da yawancinsu yanzu sai dai tarihin.

Wani bawan Allah da muka yi sallah tare shi ya ce min tunda ina da lokaci in je in ga tsohon jirgin da ke harabar haikalin Kaiyuan. Na ɗan yi jim saboda haikali ne, yace ai ginin jirgin daban yake a gefe. Na shiga. Wallahi abin da na gani ya tsaya min a rai har yau, gangar jikin wani jirgin katako ne baƙi ƙirin, saman duk ya tafi sai ƙasan, tsawon abin da ya rage mita 24 da ɗan wani abu, faɗi mita 9. A 1974 aka tono shi daga cikin laka a tashar Houzhu, na zamanin daular Song ne, ya nutse wajen shekarun 1270. A cikinsa an samu itacen turare sama da tan 2, da masoro, da tsabar kuɗi 504, har da wuri, eh wurin nan dai da kakanninmu suke ciniki da shi. Amma ni duk ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Cikin jirgin ne. An yanka shi da bangayen katako guda 12 daga gaba zuwa baya, ya zama ɗaki 13, kowane ɗaki a toshe yake daga ɗan uwansa. Ni da na tashi a cikin jirage, namu daga goshi har wutsiya rami ɗaya ne, in ruwa ya shigo ta ko'ina to ya shiga ko'ina. Na daɗe a tsaye ina leƙe har mai gadin ya fara kallona.

Daga nan na wuce babban gidan tarihin jiragen ruwa na garin, wanda tun 1959 aka kafa shi, a can ne na ga ƙananan jirage na katako sama da 100 a cikin gilashi, kowanne da irin ƙirarsa, ga kuma duwatsun kaburburan musulmi da rubutun larabci jibge a wani sashen. Na dawo otal na kasa barci. Washegari na tambayi yaron da yake min tafinta a masana'anta ko har yanzu akwai masu yin irin waɗannan, ya yi dariya yace kakan abokinsa ma aikinsa kenan, a wani gari na masunta can bakin teku.

Tsohon nan ban taɓa kiransa da suna ba, Shifu nake ce masa yadda kowa yake ce masa, haka suke kiran maigida a sana'a. Ya haura 70, hannunsa duk kanta, kuma yaren yankinsu Minnan yake ji, Mandarin babban yaren Chaina bai ji sosai ba, ni kuma Mandarin ɗin ma guntu-guntu nake tsinta, saboda haka jikansa da wayar hannu su suka riƙa shiga tsakaninmu. Da farko ya ɗauka saye na zo yi. Ina ganin kayan aikinsa na ɗauki ɗan ƙaramin gizago na gwada kaifinsa a farce yadda Baba yake yi, sai ya tsaya ya dube ni ya miƙo min guntun katako yace in fere. Na fere. Shikenan, bai ce komai ba ya tura min kujera ya zuba min shayi a ɗan mitsitsin kofin nan nasu da kurɓa ɗaya ce.

Shi asalinsa ba mai yin ƙananan jirage ba ne, manya yake yi na kamun kifi, shi da mahaifinsa da kakansa. Da jiragen ƙarfe masu inji suka zo, katako ya yi tsada, masu oda suka ƙare, sai ya zamana ba inda zai zuba abin da ke kansa sai a ƙanana. Kuma abin da ke kansa ɗin fa ba a takarda yake ba, ba su da zane, awo ne da ƙa'ida da ake haddacewa daga baki zuwa baki, in ka ba shi tsawon ƙashin bayan jirgi shi zai gaya maka faɗi da zurfi da inda kowane bango zai tsaya. A 2010 hukumar UNESCO ta saka wannan fasaha ta raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki a jerin al'adun da suke dab da ɓacewa, a lokacin mutum 3 kacal aka ce sun riƙe ta gaba ɗaya. To shi yasa in ka ce wa Shifu abin da yake yi kayan ado ne ransa yake ɓaci. Jirginsa mai tsawon mita ɗaya, in ka ninka awonsa sau 20 ko sau 30 ka ba kafintoci, jirgi na gaske za su fitar wanda zai shiga teku.

Ranar da ya fara koya min ya ɗauko gora ya tsaga ta biyu ya nuna min gaɓoɓin ciki, yace mutanensu suna cewa daga nan aka ɗauko dabarar, ka huda gaɓa ɗaya ruwa ba zai wuce ta gaba ba. Sannan ya nuna min tsarin. Ƙashin baya ake fara shimfiɗawa, sai a kakkafa bangayen a kansa, sai a bi da falankan jiki ana lanƙwasa su suna kwanciya a kan bangayen, ma'ana bangon nan aiki biyu yake yi, yana tare ruwa kuma shi ne ƙarfin jirgin da ke hana shi murɗewa. Itacen kafur suke sa wa a bango saboda ƙwari ba sa cinsa kuma yana riƙe ƙusa, jiki kuma da wasu itatuwa marasa nauyi irin na ƙasarsu. Falankan ba haɗa baki kawai ake yi ba, ana fere gefen kowanne ya hau kan na kusa da shi. In an gama sai toshiya, a daka farar hodar ƙonannen ɓawon halittun teku da man itacen tung da zaren wata ciyawa dangin rama, a yi ta kirɓawa har ya yi danƙo, a dinga cusawa a kowace kafa da bakin kurfi, in ya bushe ya zama dutse. A ƙasan yawancin bangayen akwai ɗan rami da ake bari don ruwan da ya tsiyayo ya gangara waje ɗaya a kwashe, in an samu huda kuma a toshe shi. Duk wannan a ƙaramin jirgin ma sai an yi shi, har ramin, alhali in aka rufe saman ba mai sake ganinsa. Na taɓa tambayarsa ta bakin jikan, nace Shifu tunda mai saye ba zai gani ba me zai hana a rage, ya ɗauko wanda ya gama ya kai shi baho ya cika ɗaki ɗaya da ruwa, sauran suka tsaya a bushe jirgin yana yawonsa a sama, ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Nan na koyi bambance su. Na Fujian da suke kira Fuchuan ƙasansa mai tsini ne, goshi da baya a ɗage, na teku mai zurfi kenan, irinsa ne wanda aka tono ɗin. Akwai Shachuan na wajen bakin kogin Yangtze, shi ƙasansa a shimfiɗe yake saboda ruwan can ba zurfi ga tarin yashi, in ya hau yashi zama yake yi ba ya kifewa, wannan shi ya fi kusa da namu na gida. Akwai na Guangdong da ake yi da itace mai tauri sosai, allon sitiyarinsa na baya an huhhuda shi don ya yi sauƙin juyawa a ruwa, sai kuma na Zhejiang mai goshi irin bakin tsuntsu da ake zana wa koriyar gira.

Abin da ya fi ba ni wahala tabarmar iska ce, wato abin da ke kama iska ya tura jirgin. Tasu ba ƙyalle ne sake ba, ana jera sandunan gora a kwance daga sama har ƙasa, kowace sanda da igiyarta, duk igiyoyin su haɗu a hannun mutum ɗaya a baya. Amfaninsa in iska ta yi ƙarfi sassauta igiya ɗaya kawai za ka yi ta nannaɗe kanta ta sauko, ba sai wani ya hau sama ba, kuma ko ta yage a wuri ɗaya sauran suna aiki. Ibn Battuta ma ya faɗi cewa da tsagin gora ake saƙa su irin saƙar tabarma, kuma babban jirgi yakan ɗauki har 12. A ƙaramin jirgi kuwa kowace sanda ba ta fi tsinken sakace kauri ba, ga ƙananan kurayen igiya da sai da hantsaki ake riƙe su, idona har ruwa yake yi.

Akwai abubuwan da muka sha bamban, kuma bai taɓa matsa min ba. A goshin jirgi suna sa idanu biyu, na masunta yana kallon ƙasa wai yana neman kifi, na 'yan kasuwa yana kallon gaba yana neman hanya. A mahaɗar ƙashin baya suna huda ramuka su saka tsabar kuɗi 7 da madubin tagulla, taurari da wata kenan don neman sa'a, a tsohon jirgin nan na Song ma an samu hakan. A baya kuma akwai ɗan ɗakin Mazu, wadda matuƙan yankin suke bauta wa. Nace masa ni musulmi ne, ɗakin zan gina shi tunda yana cikin ƙirar jirgi amma ba abin da zan saka a ciki, yace ai ya san mutanen masallacin Quanzhou, ba matsala. Da na dawo gida ma sai da na tambayi malaminmu game da sana'ar gaba ɗaya saboda masu cewa sassaƙa ce, yace jirgi ba abu mai rai ba ne, in ci gaba.

Maganar Zheng He kuwa kullum sai an yi ta, don jirginsa shi ne aka fi oda. Musulmi ne ɗan Yunnan, an haife shi 1371, babansa da kakansa duk alhazai ne, ya jagoranci tafiya 7 tsakanin 1405 da 1433, ta farko da mutum sama da 27,000, jiragensa sun kai har gabar Afirka ta gabas, daga Malindi ta Kenya ma an kai wa sarkin Chaina raƙumin dawa. A Quanzhou ɗin akwai dutsen da aka rubuta ziyararsa ta 1417 a maƙabartar musulmi ta tsaunin Lingshan, na je na gani. Littattafan tarihinsu sun ce manyan jiragensa sun haura mita 120, masana da yawa kuma suna ganin katako ba zai ɗauki wannan tsawon a teku ba, gangar jikin ko ɗaya ba a samu ba, sai dai abubuwa irin wata sandar sitiyari mai mita 11 da aka tono a Nanjing a 1957. To shi Shifu yana yin su ne don ciki, manyan 'yan kasuwa suna saye su ajiye a ofis goshin yana kallon cikin ɗaki wai arziki ya shigo, amma yace wannan kintace ne kowa da irin nasa, shi ya fi son ya yi jirgin da ƙafarsa ta taɓa takawa. Ni ma a nan ina bayansa, wanda aka ƙawata da zinariya da dodanni bai taɓa burge ni ba kamar na masunta mai ɗaki 13 da aka yi shi tsaf.

Kaya suka fito na dawo, amma duk zuwan da zan yi bayan nan sai na saci lokaci na je wajensa, Alhaji ma ya sani, dariya yake min yana cewa jinin Sarkawa ne yake motsi. Da korona ta zo hanya ta rufe, kasuwa ta tsaya, ina zaune a Kano ba abin yi, sai na je 'yan katako na tsinto ragowar maɗaci da farin katako na fara na farko ni kaɗai, ina ɗaukar hoto ina tura wa jikan a WeChat shi kuma ya nuna wa tsoho, amsa ta dawo a murya cikin faɗa, jikan ya fassara min da sauƙi-sauƙi don na san ba haka kakan ya faɗa ba. Man tung babu shi a nan, sai na koma gwada wasu mayukan da gam, gora kuwa muna da ita.

A watan Mayun 2021 ne wani jirgin fasinja ya tarwatse a kogi wajen Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum sama da 150, kaɗan ne suka fita. Yankinmu ne, ba gidan da bai san wani a ciki ba, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Ba zan ce muku bango zai hana irin wannan ba, jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ga tsufa ko ɗaki 50 aka yi masa sai ya tafi. Amma akwai wani nau'in haɗarin da duk ɗan bakin ruwan nan ya sani, tun da aka yi madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi, jirgi yana gudu da inji ya daki ɗaya ya huje, kafin a kwashe ruwan ya cika. Wannan kam bango zai iya ba mutane lokacin da za su kai gaɓa.

Sai na yi ƙaramin jirgi irin namu na fito, ƙirar Yauri sak, amma na saka masa bangaye, na ɗauka na kai gida wajen abokan aikin Baba. Suka jujjuya shi suna dariya, ɗaya daga cikin dattawan yace kai yaro, in ka yanka cikin jirgi haka ina za a kwantar da babur, ina saniya za ta tsaya, buhun shinkafa fa, kuma yaron da ke kwasar ruwa ɗaki nawa zai bi? Nace Baba ku duba dai, ba sai an yi 12 ba. Kuma gaskiyarsu ne, su Sinawa ta sama suke zuba kaya kowane ɗaki da murfinsa, mu kuwa jirginmu a buɗe yake mutane da dabbobi da kaya duk wuri ɗaya, ga ƙarin katako ƙarin kuɗi ne kuma mai jirgi ba ya son jin wannan. Muka yi ta ja har la'asar, na kai shi bakin ruwa na huda goshin da ƙusa a gabansu, ɗakin gaba ya cika jirgin ya ɗan sunkuya amma bai nutse ba.

Mutum ɗaya ne a cikinsu, ƙanin abokin Baba, ya kira ni gefe yace shi zai gwada bango biyu kawai, ɗaya a goshi inda ake yawan dukan kututture ɗaya a baya wajen inji, tsakiya a bar shi a buɗe yadda aka saba, da sharaɗin ni zan sayi katakon ƙarin kuma in zo in tsaya a kan toshiyar da kaina. Na yarda. Shifu ya rasu kafin a buɗe hanya in koma, jikan ne ya turo min saƙo, shi kuma aikin kwamfuta yake yi a Xiamen bai ɗauki sana'ar ba. Yanzu ina nan ina cinikin takalmana da rana, da dare in zauna kan jirage, akwai Fuchuan guda da wani ɗan Chaina mai kamfani a nan Kano ya ba ni oda har ya biya rabi, in na miƙa shi kuɗin katakon bangon can na Yauri ya samu, sai mu sa rana bayan ruwa ya ja baya.